Fim ɗin masu tallan nono a gasar Oscar

Ran 25 ga Afrilun 2021 aka raba kyautar Oscar a Amurka, ƙasashen Afirka ma sun aika nasu finafinan.

Kamaru ta tura The Fisherman's Diary, labarin 'yar masunci mai son zuwa makaranta. Yana da ban tausayi, sai dai tun farko mai kallo ya san inda aka dosa. Kodebuwa ta tura La Nuit des Rois, labarin gidan yarin Abijan. An ƙware a ɗaukarsa, kuma da alƙalai za su zaɓi ɗaya a ukun nan, shi na yi zato.

To amma ni dai, nawa The Milkmaid ne na Najeriya, wanda aka ɗauka a Taraba, akasarinsa da Hausa. 'Yan ta'adda ne suka sace ya da ƙanwa masu tallan nono. Mun saba jin sunan Bafulatani a labarai in an yi ɓarna. Nan kuwa gidansa aka nuna, shi aka yi wa ɓarnar. Maryam Booth ma da shi ta ci kyautar AMAA a 2020.

Wanda ya kalla, ya aiko mana da nasa ra'ayin. Mu kwana lafiya.