Amsar Tambaya: Hayaƙin Ramukan Shara da 'Yan Mazan Jiyan Amurka

Wani ɗan kasuwa daga Gumel ya aiko da takarda yana tambaya, wai da gaske ne Amurka na biyan tsoffin sojojinta diyya saboda hayaƙin shara?

To Malam, da gaske ne. Lokacin yaƙin Iraƙi da Afganistan, sansanonin sojan Amurka da yawa ba su da injin ƙona shara. Sai a haƙa makeken rami, a zuba duk abin da aka gama da shi, robobi, tayoyi, batura, fenti, tarkacen asibiti, har da bahaya, a kwarara man jirgin sama a cinna wuta. A sansanin Balad na Iraƙi wutar ba ta mutuwa dare da rana, sojoji kuwa na kwana suna tashi cikin baƙin hayaƙi.

Da suka koma gida sai wasu suka fara fama da tari, da fuka, da ciwon daji iri-iri. To a nan gizo ke saƙa. Ma'aikatar kula da tsoffin sojoji ta ce sai mutum ya kawo hujjar cewa hayaƙin ne ya jawo masa cutar. Kai jama'a, yaya za ka tabbatar da abin da ka shaƙa shekara goma baya? Haka aka yi ta watsi da mafi yawan takardun neman diyyar, wasu har suka mutu suna jira.

Ranar 10 ga Agusta 2022 shugaban ƙasar na lokacin, Joe Biden, ya sa hannu kan dokar da ake kira PACT, mai ɗauke da sunan Saje Heath Robinson, wanda ciwon dajin huhu ya kashe a 2020. Shi kansa Biden ya sha faɗin cewa yana zargin irin wannan hayaƙi a rasuwar ɗansa Beau, wanda ya yi aikin soja a Iraƙi, ya rasu a 2015.

Dokar ta juya abin. Ta lissafa cututtuka fiye da 20. In soja ya yi aiki a Iraƙi, Kuwaiti, Saudiyya ko Somaliya daga 2 ga Agusta 1990, ko Afganistan daga 11 ga Satumba 2001, kuma yana da ɗaya daga cikinsu, ba a neman wata hujja. Za a yi masa magani, a riƙa ba shi kuɗi duk wata gwargwadon nakasarsa. In ya mutu, matarsa da 'ya'yansa na iya nema.

Mutanen ƙauyukan da ke kusa da sansanonin fa, su ma hayaƙin nan suka shaƙa, amma dokar ba ta shafe su ba.

Kuma Malam, masu babbaka da taya a mayanka, da masu cinna wa leda wuta a jujin kasuwa, dangin hayaƙin nan ne suke shaƙa. Tarin da ya wuce mako biyu, a tafi asibiti.