Tallafin Yaro Mai Lalura da Bizar Aure a Birtaniya

 

Maganar da aka ba ni irin wadda ba a cika yin ta a bainar jama'a ba ce, sai an watse a ja mutum gefe. Mace ce zaune a nan Birtaniya, ɗanta na karɓar tallafin naƙasa daga gwamnati, mijinta kuma yana Kano ko Maraɗi. Ko kuma namiji ne da 'ya mai lalura, ya yi sabon aure a gida. Za a iya ɗauko wanda ke can? Amsar da ke yawo a tsakaninmu ita ce a'a, wai mai cin kuɗin gwamnati ba ya kawo kowa. Wannan amsa kuskure ce. A dokar da ake aiki da ita, wannan tallafi da ake jin kunyarsa shi ne ke sauƙaƙa wa iyali hanya.

Bari mu fara da katangar da kowa ya sani. Tun ranar 9 ga Yuli 2012 aka shigo da sashen dokokin shige da fice da ake kira Appendix FM, wanda ya ce mai son ɗauko mata ko miji sai yana samun aƙalla fam 18,600 a shekara. Ranar 11 ga Afrilu 2024 aka ɗaga kuɗin zuwa fam 29,000. Wanda ba shi da wata hanyar samun kuɗi, ajiya kawai zai nuna, sai ya kawo shaidar fam 88,500 da suka yi wata shida a asusu.

To, ku dubi uwar da ke jinyar ɗa. Gwamnati na biyan alawus ɗin mai jinya, wanda sunansa Carer's Allowance, fam 83.30 a mako a farashin 2025. Sharaɗinsa ta riƙa kula da yaron aƙalla awa 35 a mako, kuma abin da take samu a wajen aiki kada ya wuce fam 196 a mako a 2025. Ku lissafa, bai kai fam 10,200 a shekara ba. Gwamnati ɗaya ce ta ce kada ta wuce wannan, sannan a ce ta kawo 29,000? An ɗaure akuya a turke, an ajiye mata dusa a bayan gari ke nan. Masu rubuta dokar sun ga wannan tun farko, shi ya sa suka bar ƙofa.

Ƙofar ita ce: idan mai ɗaukar nauyi yana karɓar ɗaya daga cikin wasu tallafi da aka lissafa, ba a tambayarsa 29,000. Cikinsu akwai DLA, wato kuɗin naƙasa na yara 'yan ƙasa da shekara 16, da PIP na manya, da alawus ɗin mai jinya, da takwarorinsu na Sikotland. Ƙa'idojin Ma'aikatar Cikin Gida kuma sun faɗa ƙarara cewa ko da a madadin ɗansa mutum ke karɓa, ya shiga. Abin da ba ya buɗe ƙofar shi kaɗai shi ne tallafin Universal Credit, nan mutane da yawa ke ruɗewa.

Amma ba a ce a shigo hannu rabbana ba. Sai an nuna iyali za su iya riƙe kansu ba tare da ƙarin tallafi ba, kuma ma'aunin ya samo asali ne daga wani hukunci na 2006 a shari'ar wasu 'yan Pakistan: kada iyali su rayu ƙasa da abin da gwamnati za ta bai wa iyalin Birtaniya masu yawansu a tsarin Income Support. Ana tara duk abin da ke shigowa gida a mako bayan an cire haraji, har da DLA ɗin yaron, da alawus ɗin jinya, da kuɗin yara, da Universal Credit. A cire kuɗin haya da harajin ƙaramar hukuma. Abin da ya rage sai ya kai ma'aunin. A 2025, na mata da miji da yaro ɗaya yana wajen fam 250 a mako. A ce uwar nan mai jinyar ɗa komai nata ya tashi fam 480, haya da haraji sun cinye 200, saura 280: ta haye. In da hayar ta kai 250, ta faɗi da fam 20 kacal. Ajiya na iya cike giɓin, domin ana raba ta a kan makonnin bizar. Shi ya sa nake cewa kafin a biya lauya ko kwabo, a zauna da biro da takarda a yi wannan lissafi. Kada kuma a manta, mutumin da za a ɗauko ana ƙirga shi cikin bakunan da za a ciyar tun yana can.

Yanzu bari in taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Mu mutane ne masu rufa wa kai asiri. Yaro mai sikila da ke kwana yana murƙususu, ko mai galahanga da sai an ba shi abinci a baki, sai mu ce jarrabawa ce, mu ja labule. Jarrabawa ce, ba musu. Sai dai neman haƙƙin yaro bai rage wa haƙuri lada ba. DLA ba ya duba albashin iyaye, ba kuma sunan ciwo yake bi ba. Yawan kulawar da yaron ke buƙata fiye da sa'anninsa ake dubawa, kuma lalurar ta kasance ta yi wata uku, ana sa ran za ta ƙara wata shida. Fom ɗinsa dogo ne, yana tambayar sau nawa ake tashi da dare, minti nawa wanka ke ɗauka. Uwar da ta saba amsa “da sauƙi” duk lokacin da aka gaishe ta da mai jiki, idan ta kai wannan ladabi cikin fom, ta cuci ɗanta. A rubuta yadda abin yake a zahiri, ba ƙari ba ragi. Matakin da aka ba yaro ma yana da tasiri, domin alawus ɗin jinya ba ya samuwa sai yaron na kan matsakaicin mataki na kulawa ko na sama, fam 73.90 ko 110.40 a mako a 2025.

Sauran sharuɗɗa suna nan daram. Dole ma'auratan duka su kai shekara 18, aure ya zama na gaske da takardarsa, gida ya wadaci kowa ba cunkoso. Mai zuwa daga Najeriya ko Nijar zai yi gwajin tarin fuka, ya kuma ci jarrabawar Turanci ta matakin A1, sai in yana da digirin da aka amince da shi. Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da aka yafe wa jarrabawar Turancin. Kuɗin neman biza daga waje fam 1,938 ne a 2025, ga harajin lafiya fam 3,105, sun haura dubu biyar. Ga masu tambaya a kan amarya alhali uwargida na nan, wata doka ta 1988 ta rufe wannan, tallafin yaro bai canza komai ba.

Inda na fi so ku buɗe kunne shi ne maganar lokaci. Bizar farko wata 33 ce, a sabunta ta wata 30, sai bayan shekara biyar a nemi zaman dindindin, kuma a kowane mataki ana sake duba sharaɗin kuɗi daga tushe. Shi kuwa DLA sau da yawa da wa'adi ake ba da shi, ana iya rage shi ko a tsayar idan an sake dubawa. Yaro kuma in ya kai 16 a Ingila, ana kiransa ya nemi PIP, wanda ma'auninsa daban ne, ba kuma tabbas zai samu. Idan tallafin ya yanke ana saura wata biyu sabuntawa, 29,000 ta dawo. Sauƙin da ke nan shi ne a lokacin albashin wanda aka ɗauko ma yana shiga lissafi, tunda bizarsa ta ba shi damar aiki, ko da yake ba ta ba shi damar karɓar tallafi ba. Saboda haka a ɗauko takardar DLA a duba ranar ƙarewarta, a jera ta da ranar ƙarewar biza da ranar haihuwar yaro, tun kafin a miƙa takardar farko.

Wanda lissafi ya ƙi masa kuma bai kai ƙarshen hanya ba. A Fabrairun 2017, a shari'ar MM ta Labanon, Kotun Ƙoli ta bar sharaɗin kuɗi a tsaye, amma ta ce dokokin ba su kula da maslahar yara yadda sashe na 55 na wata doka ta 2009 ya wajabta ba. Daga nan aka gyara su: idan ƙin ba da biza zai jefa iyali, musamman yaro, cikin ƙunci mai tsanani, ana iya duba wasu hanyoyin samun kuɗi, kamar taimakon dangi. Farashin wannan hanya shi ne zaman dindindin sai bayan shekara goma, da biyan kuɗin sabuntawa duk wata 30. Mai bin wannan hanya ya tanadi wasiƙun likita da na makaranta da suka bayyana abin da rashin uba ko uwa ke yi wa wannan yaro, kuma ya tabbatar wanda zai ba shi shawara lauya ne ko mai rajistar ba da shawarar shige da fice, domin yin wannan aiki ba rajista laifi ne a ƙasar nan.