NISHAƊI A BIRNI: HANI KAƊAI BA YA WADATARWA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, tambayar da matasanmu suka fi yawan jefo mana a wuraren karatu ita ce: shin Musulmin da ke zaune a birni yana da halin ya huta, ya yi kallo, ya saurari waƙa, ko kuwa duk wannan shagala ce? Sau da yawa amsar da muke ba su kalma ɗaya ce, wato "haramun". Sai matashi ya yi shiru don kunya, ya fita ya ci gaba da abin da yake yi, ya kuma daina tambayarmu. Wannan hasara ce babba, kuma ita muke so mu duba a yau.

Da farko, lalle ne mu yarda cewa Musulunci bai zo don ya kashe walwalar zuciya ba. Ya tabbata a cikin Bukhari da Muslim cewa mutanen Habasha sun yi wasa da masu a cikin masallacin Madina, Manzon Allah (SAW) ya kare Nana A'isha (RA) a bayansa tana kallo har ta ƙoshi da kanta. Ya kuma tabbata cewa Sayyidina Abubakar (RA) ya tsawata wa wasu 'yan mata biyu da ke waƙa a ɗakinta ranar Idi, Annabi (SAW) ya ce a ƙyale su. Hassanu ɗan Sabitu (RA) kuwa da waƙa ya yi ta kare Musulunci. A ɗaya gefen, aya ta 6 a Suratu Luƙman ta yi gargaɗi mai tsanani ga mai sayen zancen wargi don ya ɓatar da mutane daga hanyar Allah, kuma mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun hana kayan kiɗa, in ban da duffi a wurin biki, ko da yake Ibnu Hazmin ya saɓa musu. Ashe ke nan magana ce mai iyakoki da ma'auni, wadda kalma ɗaya ba ta iya ɗauke ta.

Mu ɗauki birnin Kano misali. An buɗe silimar Rex a Sabon Gari a shekarar 1937. A 1951 gobara ta tashi a silimar El-Duniya, ta ci rayukan mutane fiye da 300, jama'a da dama suka ɗauki abin a matsayin ishara daga Allah, amma kallo bai tsaya ba. A 1990 aka fitar da Turmin Danya, fim ɗin Hausa na bidiyo da ake ƙirga farkon wannan sana'a daga gare shi. A 2001 gwamnatin jiha ta kafa hukumar tace finafinai. A 2016 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar gina ƙauyen shirya finafinai a Kofa, malamai da jama'a suka yi ca a kai, aka janye. To, bayan duk wannan, ina kallon ya koma? Ya bar gidan silima da ake iya gani daga titi, ya shiga wayar hannu, ya kwana da yaro a kan shimfiɗarsa, inda uba ba ya gani, mai tacewa ba ya isa. Mun toshe ƙofa, ruwa ya biyo ta rufi.

Magabatanmu ba haka suka yi ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙaninsa Abdullahi sun tarar da jama'a masu son waƙa, sai suka zuba tauhidi da fiƙihu da wa'azi a cikin waƙa. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da waƙoƙi ta tura jajojinta ƙauyuka suna karantar da mata 'yan taru. A ƙarnin da ya wuce, Malam Sa'adu Zungur ya yaƙi bidi'a da zalunci da alƙalaminsa, Malam Aliyu Namangi kuma, duk da rashin gani, ya bar mana Imfiraji, wadda almajirai da makafi suka bi da ita gida-gida. Waɗannan bayin Allah sun gane cewa zuciya kamar gona take, idan ba ka shuka hatsi ba, ciyawa ba ta jiran izini.

Saboda haka muna ba matasanmu ma'auni guda huɗu, su riƙa auna kowane nishaɗi da shi. Na ɗaya, me ke ciki? Idan tsiraici ne, ko batsa, ko cin mutuncin wani, ko raina addini, a guje shi. Na biyu, me ya ci na lokaci? Wanda aka kira sallar Magariba yana gidan kallon ƙwallo ya ce sai an tafi hutun rabin lokaci, ƙwallo ba ta da laifi, shi ne ya yi hasara. Na uku, me ya ci na aljihu? Ba daidai ba ne kuɗin cefane ko na makarantar yara ya tafi a sayen data ko cacar wasanni. Na huɗu, da wa ake zama? Mutum yana ɗaukar ɗabi'ar abokin hirarsa ko bai so ba.

Abin da ya tsallake wannan ma'auni yana da yawa a birni. Akwai gidan tarihi na Gidan Makama, akwai marinar Ƙofar Mata, akwai hawan Dala da yamma tare da iyali. Akwai hawan Sallah, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin kayan gadon al'adun duniya a 2024. Akwai musabaƙar Alƙur'ani, da sukuwa, da guje-guje, da majalisin marubuta waƙoƙi.

Amma nauyi mafi girma a kanmu yake, mu masu da'awar gyara. Makarantun Islamiyya nawa ne a cikin namu suke shirya wasan kwaikwayo mai ma'ana a ranar sauka? Rassanmu nawa ne suke da filin wasa ko ɗakin karatu? Idan wani ɗanmu ya nuna baiwar waƙa ko rubuta labari, jawo shi muke yi mu koya masa, ko kuwa tsangwamarsa muke yi har ya tafi inda za a tafa masa? Muna kira ga kowane reshe da ya zauna kafin taron wata mai zuwa, ya tsara abu ɗaya tak na nishaɗi mai tsabta ga matasansa, ya ɗora shi a hannun mutum sananne, ya kawo rahoto. Muna kira ga mawadatanmu su san cewa kuɗin da aka kashe a wannan hanya, da kyakkyawar niyya, aikin lada ne.

Allah Ya shirye mu, Ya shirya mana zuriyarmu, Ya sanya hutunmu ya zama ƙarfi gare mu wajen bauta maSa. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.