Shin Dole Ne Magidanci Ya Rubuta JAMB Kafin Ya Koma Karatu?



Tun da kwamitin ilimi ya fara zagaya rumfunan kasuwa da kara da tashar mota, tambaya ɗaya ce muke ta sha daga bakin magidanta: "To ni da furfurata, sai na zauna jarrabawa tare da ɗan cikina?" Wannan kunyar ta tsare da yawanmu a bakin ƙofa. Amsar ita ce, ya danganta da ƙofar da mutum ya nufa, domin ƙofofin uku ne.

Ta farko, karatun cikakken lokaci daga aji ɗaya a jami'a. Nan kam babu makawa, sai an rubuta jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Darussa huɗu ne, Turanci dole, maki 400 gaba ɗaya, kuma tun 2015 a kwamfuta ake yin ta. Ba a korar kowa don ya tsufa, ba a kuma yi masa rangwame. Sakamakon na shekara ɗaya ne tak, ba ya ajiyuwa.

Ta biyu, shiga kai tsaye. Mai takardar NCE ko difloma ko IJMB ba ya zaman waccan jarrabawa. Zai sayi fom ɗin JAMB na shiga kai tsaye, jami'a ta tantance shi, in ya dace ya fara daga aji biyu. Akwai malaman firamare da na Islamiyya a cikinmu da ke da NCE a ƙasan akwati, ba su san darajarta ba.

Ta uku, karatu daga gida ko na ƙarshen mako. Jami'ar NOUN, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, aka kuma farfaɗo da ita a mulkin farar hula na Obasanjo, ba ta neman makin JAMB. Shi kansa Obasanjo a can ya karɓi digirin dakta a 2018, yana tsoho tukuf. Jami'o'in Ibadan da Legas da Ahmadu Bello ma suna da sassan karatu daga nesa. Wannan ƙofa ita ta fi dacewa da mai rumfa, da direba, da uwargida mai reno.

Amma fa jama'a, a kula. Duk ƙofar da ka bi, za a nemi kiredit biyar na sakandare, har da Turanci, da kuma darussan da fanninka ke buƙata. Nan ne gizo ke saƙar. Wanda ke da su, ko na shekara ashirin ne, ba su ruɓewa. Wanda bai cika ba, WAEC da NECO suna shirya jarrabawar 'yan waje. Ya yi rajista ya cike giɓin.

Sai gargaɗi. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi zai samo maka gurbi ko sakamako ba tare da ka zauna ba, ɗan damfara ne. Takardar jabu tana tona kanta ne ranar da ka fi buƙatarta.

Me ya sa muka dage? Mu baƙi ne da muka zama 'yan gari. Kullum wani ke karanta mana takardar haya, wani ke rubuta mana koke zuwa ƙaramar hukuma, mu kuma mu dangwala hannu. Yaron da ya ga ubansa da littafi bayan isha'i, ba sai an kora shi makaranta da bulala ba.

Saboda haka, duk mai niyya ya kakkaɓe takardunsa ya kawo wa kwamiti, mu duba tare mu ga ƙofar da ta dace da shi. Gemu ba ya hana ilimi.

Allah ya ba mu sa'a. Wassalam.