Awon Madara da Sautin da Kunne Ba Ya Ji



Duk wanda ya san ƙasar Guri ya san cewa da zarar ruwa ya janye daga fadamun Kogin Haɗejiya, garkunan Fulani sukan gangaro kiwo. Madara takan samu, amma har yau da ido da harshe ake cinikinta. Mai saye yana zargin an sirka ta da ruwa, mai sayarwa tana rantsuwa, babu mai raba gardama. Ƙarshenta mai gaskiya da mai algus kuɗi ɗaya ake biyansu. To, kimiyya ta samo alƙali.

Kunnen ɗan Adam ba ya jin sautin da kaɗawarsa ta wuce sau 20,000 a daƙiƙa. Da irinsa jemage yake gane hanya cikin duhu, da shi kuma likita yake duba jariri a cikin uwarsa. A ruwa mai ɗumin digiri 20, sauti yana gudun kimanin mita 1,480 a daƙiƙa. Madarar saniya kuwa kimanin kashi 87 cikin 100 ruwa ce, saura maiƙo ne da furotin da sukari, kuma kowannensu yana sauya gudun sautin. Idan ruwa ya ƙara ɗumi sauti yakan ƙara sauri a cikinsa, alhali a cikin maiƙo raguwa yake yi. Saboda haka idan aka auna gudun a ɗumi iri biyu, lissafi zai nuna yawan maiƙo da sauran sinadarai, ya kuma tona asirin sirki. Na'urori irin su Lactoscan, ƙirar Bulgeriya, suna gama wannan aiki cikin kimanin minti ɗaya.

Haka nan, lokacin da madara take barci tana zama kindirmo, yadda sauti yake ratsa ta yakan sauya. Ta haka masana'anta za ta san ya kama ba tare da buɗe tukunya ba.

Sai dai a lura, wannan awo ba ya nuna ƙwayoyin cuta irin na tarin fuka. Tafasa madara tilas ne.

'Yan'uwa, kamfani ba zai kafa wurin tara madara inda ba zai iya tabbatar da abin da yake saye ba. Idan ƙungiyoyin makiyaya a Guri suka mallaki irin wannan na'ura, sai a biya kowace mace gwargwadon kyawun madararta. Koyon sarrafa ta da bayyana ta ga iyayenmu da Hausa da Fulatanci nauyi ne a wuyanmu.