Kufai ma littafi ne: jawabi a kan binciken tsofaffin gidajen Damargu



Duk wanda ya bi ƙasar Tarka, ko ya ratsa daga Balbeji zuwa Tanut, ya sha ganin tudun da tsingaro ya rufe, da dutsen niƙa a kife cikin rairayi. Manomi ya kan ture su gefe, ya wuce. Alhali kuwa a nan ne tarihin talakawan Damargu yake kwance.

A watan Janairu na 1851 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya sauka Tagelel tare da ayarin Abzinawa, a can kuma ya rabu da abokin tafiyarsa Richardson. Ya tarar da Damargu ita ce rumbun hatsin Abzin. Littattafan tarihi sun riƙe sunayen madugai da sarakuna, amma waɗanda suka noma hatsin, da matan da suka durƙusa suka niƙa shi, manoma da bayi da barori, babu wanda ya rubuta sunansu. Shaidarsu ɗaya ce: abin da suka bari a gidajensu.

To, ƙaƙa masana suke karanta wannan shaida? Aikin hawa biyu ne. Da farko a kan gaida mai gari da dattawa, a ji abin da suka gada game da kufan. Sa'an nan masu bincike su jera sahu, su taka filin a ƙafa, suna rubuta inda tsingaro ya yi yawa, da inda toka take, da gurbin rumbu, da kashin maƙera. Daga nan a zana taswira. Har yanzu ba a saran ƙasa.

Hawa na biyu shi ne ramin gwaji. A kan zaɓi wuri biyu ko uku, a auna kamar mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi, a riƙa kankare ƙasa kaɗan-kaɗan, ana tankaɗe ta a rariya. Abin da ke ƙasa ya girmi abin da ke bisa, wannan shi ne tushen ilimin baki ɗaya. Gawayin murhu a kan aika shi ɗakin awo, a gwada shi da dabarar karbon 14, ya faɗi zamanin da aka hura wutar. Ƙwayar hatsi da ta ƙone tana faɗin abin da aka ci. Dutsen niƙa da ya lotsa yana faɗin yawan bakin da aka ciyar. Duwatsun wuya da wuri suna faɗin hanyar fatauci. In an gama, a mayar da ƙasa, mai gona ya ci gaba da nomansa.

An yi irin wannan aiki a jahar Damagaram. Malama Anne Haour ta bincika Kufan Kanawa, tsohon gari mai ganuwa wanda baka ta ce daga nan mutanen Kano suka tashi. Ta yi zagaye, ta haƙa ramukan gwaji, ta kuma bayyana sakamakon a littafinta. Wurin da a da labari kaɗai yake da shi, yanzu yana da shaidar da za a iya aunawa.

Akwai kuma darasi mai ɗaci. A 1975 aka gano maƙabartar Bura a yammacin ƙasa, Boubé Gado na cibiyar IRSH ta Yamai ya haƙa ta a 1983. Da aka baje kayanta a Faransa a 1993, dillalai suka buɗe ido, aka auka wa wuraren da haƙa dare da rana. Tukwane suka tafi Turai, ilimin kuwa ya salwanta, domin tukunyar da aka tumɓuke daga gurbinta ta zama bebiya. Dokar ƙasa mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga Yuni 1997 ta zo domin kare kayan tarihi, amma doka ba ta tsaron tudu in mutanen wurin ba su tsare shi ba.

Saboda haka kira biyu ne. Ma'aikaci, kafin ka sa hannu a takardar hanya, ko rijiya, ko rabon filaye, ka tambaya ko akwai kufai a wurin, ka sanar da hukumar al'adu. Zagayen 'yan kwanaki ba ya hana aiki, amma abin da katafila ta share ba ya dawowa. Ɗan kasuwa kuma, in an kawo maka tsohuwar tukunya daga rami, kada ka saya. Ribarta ta kasuwa ɗaya ce, asararta kuwa har jikoki.

Allah ya sa a gane.