Jibo Bakari: daga majalisar gari zuwa kaso
(Jawabin da aka yi wurin taron ƙungiya)

  

An ce mu yi magana bisa kansaye, watau wakilin da jama'a ke zaɓe shi zauna majalisar gari. Da yawanmu na ganin ƙaramar kujera ce, ta rabon rumfunan kasuwa da kwasar shara. To, ku saurari labarin Jibo Bakari.

An haife shi Sudure, kusa da Yamai, cikin 1922, gari guda da Diori Hamani. Ya yi lakkol Tawa, ya ƙare William Ponty ta Senegal, ya fito mushen lakkol kamarmu, ya karantar Birnin Ƙonni da Agadas. Ya shiga PPN-RDA har ya zama babban sakatarenta. Da RDA ta yanke hulɗa da ƴan kwaminis na Faransa cikin 1950, shi ya ƙi bi. Ya koma aikin sandika, cikin 1954 ya kafa UDN.

Su wa suka tsaya mishi? Wannan ita ce maganar da ta shafe mu. Direbobi ne da ƴan kamasho, leburori, teloli, ƴan tebur, boyi-boyi na gidajen nasara. Akasarinsu ƙauye suka baro, kamar yadda muka baro namu, suna kwana zaurukan mutane. Babu mai tambayarsu komi sai lanho. Cikin 1956 doka ta ba kowane baligi ƙuri'a, mace da namiji. Watan Nuwamba na shekarar aka yi zaɓen majalisar Yamai, Jibo ya samu kujera, kansayoyi suka ɗora shi magajin gari, na farko da zaɓe ya kawo. Ɗan dako ya ga ƙuri'atai ta yi nauyi guda da ta ɗan sarki. A ganinmu, ranar ce siyasar talaka ta tsaya da ƙafarta ƙasar nan.

Daga nan abu ya yi sauri. Watan Maris 1957 jam'iyyarsa, wadda aka sani da Sawaba, ta ci kujera 41 cikin 60 na majalisar ƙasa, ya riƙe gwamnati. Ranar 28 ga Satumba 1958, zaɓen De Gaulle, ya ce a jefa "A'a", a karɓi mulkin kai nan take. Amma birni ba shi ne ƙasa ba. Gwamna Colombani da kumandodi suka taso mishi, sarakuna da dama suka juya baya, ƙauyuka kuwa hannun sarakuna suke. "A'a" ta samu wajen kashi 22 cikin 100. Gwamnatinsa ta faɗi, cikin 1959 aka hana Sawaba, ya yi gudun hijira Mali, Gana da Gine.

Ba mu ɓoye sauran ba. Cikin 1964 ƴan Sawaba suka shigo da makamai, aka yi asarar rayuka, aka harbe wasu gaban jama'a Yamai, talakawa da yawa suka sha kamu. Nan ma ƙananan mutanen ne suka biya, waɗanda suka kai shi meri tun farko.

Ya komo gida bayan juyin mulkin Kunce na 1974, cikin 1975 aka rufe shi, ya yi shekaru tsare. Zaɓen shugaban ƙasa na 1993 ya tsaya, bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Ƴaƴan direbobin nan sun bi wasu jam'iyyu. Ya rasu Yamai ranar 16 ga Afrilu 1998. Allah shi jiƙan shi.